Basbusa da Jinin Ragon Layya

Na sauka Alƙahira a 2011, shekarar da garin ya hargitse, ina mace na haura arba'in, da jaka ɗaya da taurin kai. Karatu ne ya kai ni. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na zauna a ajin yaƙi da jahilci a Haɗeja, matan unguwa suna tsokanata wai gemu ba ya hana ilimi, amma ni ko gemun ba ni da shi. Da na iya haɗa baƙi sai ƙishirwar ta ƙi yankewa. Na ce sai na je inda 'yan yara ma Larabci suke kuka da shi.

Wanda ya shirya mini tafiyar wani ɗan garinmu ne, Malam Sabo. Ya tarbe ni a filin jirgi, ya kai ni Ataba, wata kasuwar sari da ko kunnenka ba ka ji don hayaniya. Ya hau da ni wani ɗaki a saman shagon wayoyin lantarki ya ce, "Zauna nan, Asabe, bari in je in zo da shugaban makarantar." Har yau yana kan hanya.

Washegari na yi ta tambaya har na gano inda ya ce makarantar take. Shagon takalma na tarar. Mai shagon ya dube ni, ya dubi jakata, ya ce, "Ma'alish ya Hajja." Kalmar da na fara koya ke nan a Masar. Ita suke cewa in an taka ka, ita suke cewa in an yi maka rasuwa.

Na dawo tsakiyar kasuwa na tsaya ina zagin Sabo da Hausa, da ƙarfi, tun daga kansa har wandonsa. Sai na ji wata murya a bayana ta ce, "Wace ce ke zagi da harshen kakata?"

Hajja Batul ce, Bahaushiyar Sudan mai sayar da shayi da turare a bakin wani lungu. Kakanninta da ƙafa suka bar ƙasar Sakkwato za su Makka, hanya ta ajiye su a Sudan. Ta miƙo mini shayi ta ce, "Taso, ƙanwata. Zagi ba ya shimfiɗa wa mutum tabarma." Ta kai ni ɗakinta, ta ba ni rabin katifarta, ta ba ni kwalbar humra don in ji ƙamshin gida. Ita ta samo mini aikin gida a Muhandisin, unguwar manya.

Maigidan Ra'uf Basha ake ce masa, ɗan kwangilar gine-gine. Matarsa Madam kawai muke ce mata. Ba mu daɗe ba muka saɓa, saboda da ƙyasta yatsa take kiran mutum. Na haƙura na haƙura, wata rana na haɗa guntun Larabcina na ce mata a garinmu kare ake kira haka. Ba ta kore ni ba, domin Basha yana son miyata. Sai ta ce a kai ni izba in dafa wa ma'aikata. Izba gonar hutun masu kuɗi ce. Tasu tana gefen Giza, inda kore ya ƙare rairayi ya fara.

A can na ga Basbusa.

Da farko na ɗauka barguna aka tara a lungun keji. Sai tarin ya motsa, ya ɗago kai, ya zuba mini ƙananan idanu. Na san kura, na san birin gardawa, amma beyar sai a hoton littafin aji. Ashe hoto ƙarya yake yi. Wuyanta kaɗai ya kai turmi, gashinta ruwan ƙasa mai haske, faratanta sun fi yatsuna tsawo. Amma in ta ɗauki gwaiba sai ta jujjuya ta a hankali kamar tsohuwa na zaɓen goro. Basha ya saye ta ne daga hannun masu wasa da dabbobi, lokacin da baƙi suka daina zuwa ƙasar, sana'arsu ta mutu.

Mai gadin gonar, Amm Sayyid, tsoho ne daga kudancin Masar, siriri kamar kara, da ƙaton gashin baki. Yana son dabbar nan kamar shi ya haife ta. Ni kuwa Hukuma ya sa mini suna, wai ba na magana sai umarni.

"Ya Hukuma, yau me aka yanke mana, wake ko ɗauri?"

"Wake ne, Amm Sayyid. Da aikinka ya kai gashin bakinka yawa da ka samu nama."

Duk mako likitar dabbobi takan zo, Duktura Hala. 'Yar ƙarama ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba, da takalmin roba har gwiwa da muryar da sai ka matso za ka ji. Ranar da muka fara magana ta tarar da ni ina daka wa Basbusa tsawa, don ta taso ta manna hanci a ƙarfe tana bin motsina. Na ƙura mata ido ina cewa, "Ke! Kul!" yadda ake yi wa akuya.

Duktura ta ce, "Me ta yi miki, ya Hajja?"

"Harara ta take yi."

"Ba harara ba ce, sunsunar ki take. Me kika shafa?"

Na ce humra. Ta yi murmushi ta ce, "Tun kina bakin ƙofar gona ta san kin shigo. Mu da ido muke sanin duniya, ita da hanci. Ke kuma kin tsaya kin kafe ta da ido kina ihu. A wurinta wannan neman faɗa ne."

Na ce ni tun da nake ban taɓa sunkuyar wa kowa da kai ba, balle dabba.

Ta ce, "To ki fara da wadda za ta iya cire miki kan."

Na so in ji haushi, dariya ta ƙwace mini.

Daga ranar, duk zuwan da za ta yi sai in bar tukunya in bi ta. Da ta gane karatu ne ya kawo ni ƙasar, sai ta mai da abin darasi. Ta faɗa da Larabci, in maimaita, ta gyara mini. Ta ce beyar ba ta farautar mutum don marmari, sai da wuya ƙwarai. Yawanci dalili ake ba ta. Ko ka faɗo mata ba zato, ko ka shiga tsakaninta da 'ya'yanta, ko ka matso tana cin abinci, ko ka toshe mata hanyar fita. Na ce mata mu ma muna cewa ruwa ba ya tsami banza. Ta sa na fassara mata, ta ji daɗinsa.

"In kin zo wucewa kusa da ita, ki yi magana tun daga nesa, ta san mutum ne. In kuka yi kiciɓis, kar ki gudu. Duk ƙibar nan da kike gani, ko doki sai ya yi da gaske. Kar ki yi ihu, kar ki kalle ta cikin ido, kar ki juya mata baya. Ki yi ta magana ƙasa-ƙasa kina ja da baya."

"In ta miƙe tsaye fa?"

"Tambaya take yi, tana son ta ji wace ce. Abin tsoro shi ne in ta kwantar da kunne, tana huci, tana haɗa haƙora. Ko a nan ma sau da yawa barazana ce, takan taso ta tsaya. In kuwa ta kayar da ke, irin wannan mai ruwan ƙasa, ki kifa ciki, ki rufe ƙeyarki da hannu, ki yi lamo har ta tafi."

Amm Sayyid yana gefe yana fere rake. Duktura ta hana a ba ta abinci da hannu, wai dabbar da ta saba ganin abinci a hannun mutum wata rana da hannun za ta haɗa. Shi kuwa da ta ba da baya sai ya zura mata raken ta tsakanin ƙarfe. Na ce masa sabo turken wawa. Ya ce, "Hukuma, uba ba ya tsoron 'yarsa."

Zafin Alƙahira ba na irin su Basbusa ba ne. Da rani sai ta baje a siminti tana haki, harshe waje. Duktura ta yi ta fama da Basha har ya yarda aka haƙa mata ɗan kwami na ruwa. Ta koya mini in daskarar da gwaiba da dabino cikin bokitin ruwa, a jefa mata ƙanƙarar. Sai ta rungume ta kamar jariri tana lasa, tana wani gurnani na jin daɗi. Nakan zauna ƙarƙashin mangwaro da littafina ina kallonta. Wata rana in tuna jikokina, sai in ga ita ma ta ɗaga hanci sama tana shaƙar iska, ban san ta ina ba.

Babbar Sallar shekarata ta uku, Basha ya zo da iyalinsa da baƙi cike da motoci. Aka kayar da sa da raguna a tsakar gona bayan an sauko Idi. Duktura ma ta zo, don ita ke duba lafiyar naman kafin a raba. Basha ya ce a jefa wa Basbusa hanta da huhu, baƙinsa su ga yadda take ci.

Misirawa suna da wata al'ada. In an yanka layya sai wasu su tsoma tafin hannu cikin jinin, su manna a bango ko ƙofa ko jikin mota, shatin yatsu biyar, wai maganin kambun baka. Na ga Amm Sayyid ya durƙusa ya tsoma hannunsa har wuyan hannu.

Na ce, "Wannan a wane littafi yake?"

Ya ce, "Littafin kakata, ya Hukuma. Yau idanun baƙi za su yi wa 'yata yawa. Bari in sa mata a ƙofa."

Ni ina bakin famfo a bayan kejin, da bahon kayan ciki ina wanki, don haka komai a idona aka yi. Kejin ƙofa biyu gare shi, ta waje da ta ciki, da ɗan lungu a tsakani. Ya buɗe ta waje ya shiga ba takalmi, ko motsinsa ba a ji. Basbusa ta ba ƙofa baya, ta dafe hantar da ƙafa tana ci. Ya ɗaga hannu ya manna a ƙofar ƙarfen ta ciki, gwaram! Ashe wanda ya jefa mata naman bai tura sakata har ƙarshe ba. Ƙofar ta wangale.

Juyi ɗaya ta yi. Ta make shi a kafaɗa, ta cafki hannun mai jinin, ta girgiza, ta saki. Tsohon nan da ba ya jin magana, ashe yana ji. Ya kifa ciki ya rufe ƙeyarsa bai ko yi tari ba. Ta sunsune shi, ta hura masa iska a wuya, ta tsallake shi ta fito.

Ta nufo famfo.

Matan da ke baranda suka kwarma ihu. Ƙafafuna suka ce gudu, bakina ya ce zagi, su biyun kuwa ban taɓa saɓa musu ba. Na miƙe a hankali. Na mai da idona kan ƙafafunta. Larabcin duk ya gudu ya bar ni, sai na ji ina gaishe ta da Hausa kamar maƙwabciya.

"Basbusa, barka da Salla. Ina gajiya? Ya zafi? Ni ce Asabe mai ƙanƙara. Ga tumbi nan, ga hanji, duk naki ne, ni na ƙoshi."

Ta miƙe tsaye. Inuwarta ta rufe ni. Ina jin warinta, ina jin iskar hancinta. Na ce a raina tambaya take yi, Allah ya sa Duktura ba ta yi kuskure ba. Na ja ƙafa ɗaya baya, na ja ɗayar, ina ta surutu, har labarin jikokina na ba ta. Ta sauko ta haɗa haƙora, ƙas ƙas, ta taso da gudu. Na tsaya. Ban san da ƙarfin wa na tsaya ba. Ta ci birki a bakin bahon, ta yi huci, ta zura kai ciki.

Sai ga Duktura. Ba gudu take yi ba, tafiyarta ta kullum ce. Ta ɗaga hannu ɗaya wajen baranda, ihun ya mutu, ta yi musu alama su shige ciki. Ta ce wa mahauta biyu su zagaya ta baya su janye Amm Sayyid daga lungun, ba hayaniya. Ta sa direba ya tare hanyar gona da a-kori-kura. Sannan ta ɗauko tiren dabino da kwalbar zumar da aka ajiye wa baƙi, ta fara kira da muryar da ta saba, "Ta'ali ya Basbusa, zo 'yar kirki, yalla." Tana yarfa zuma a ƙasa, tana jefa dabino, tana ja da baya a karkace, ta bar mata hanya buɗe. Basbusa ta gama da bahon, ta ɗaga hanci, ta bi zumar har cikin keji. Duktura ta tura sakatar da hannunta, ta jijjiga ta gani.

Ta durƙusa kan Amm Sayyid ta ɗaure masa hannu, ta tsai da jinin, aka sa shi a mota. Sai bayan nan ta zagaya bayan mangwaro ta yi amai. Na kai mata ruwa ta kurkure baki. Na sha ganin masu zuciya a rayuwata, ni ma ana sa ni cikinsu, amma namu zafin kai ne. Yarinyar nan tana jin tsoro sarai, ta san abin da faratan nan za su iya fiye da kowa a wurin, ta kuma yi abin da ya kamata ɗaya bayan ɗaya.

Muna nan sai ga Basha da bindiga.

Amm Sayyid ya leƙo ta tagar mota yana kuka, "Kar ka taɓa ta, ya Basha, don girman Allah!" Motar ta ja da shi.

Basha ya ce, "Dabbar da ta ɗanɗana jinin mutum ba a barin ta."

Duktura ta ce, "Ba ta neme shi ba, ya Basha. An firgita ta tana kan abinci, da hannu mai jinin rago. Da ya kwanta ta ƙyale shi. Da kisa take so da ba mu ɗauke shi da rai ba."

"Ke sana'arki kike karewa. Kina can wajen nama, me kika gani?"

Baƙin sun firfito, wasu suna cewa ya harbe kawai. Na ga abin da ke cinsa. An kunyata shi a gaban mutane ranar Salla, yana neman wanda zai ɗora wa. Ya ɗaga bindigar ya nufi keji.

Na ce, "Ni na gani."

Madam ta ce, "Rufe mana baki, wa ya sa da ke?"

Ban ko dube ta ba. Na je na tsaya a bakin ƙofar kejin, zanena jiƙe da ruwan tumbi. Larabcin da ya gudu ɗazu ya dawo, da kurakuransa.

"Ya Basha, dube ni da kyau. Ni da Amm Sayyid wa ya fi nama? Ta tsaya a kaina, ba kowa tsakaninmu, ta zaɓi hanjin rago. In jinin mutum take so, ga buhu guda ta bari."

Wani dattijo cikin baƙin ya tuntsire da dariya, ya toshe baki.

Na ce, "Kai ka ce a ba ta hanta don a yi kallo. Kai ka ɗauko 'yar ƙasar sanyi ka ajiye a rana. Sakatar nan tun yaushe likita take cewa a canja ta? Yau ranar yanka ce, an yanka abin da Allah ya ce a yanka. Wannan kuwa in ka kashe ta, haushinka ka kashe ta da shi, kuma za a tambaye ka."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ina jin ƙarar Basbusa a bayana tana lasar zuma a dantsenta. Duktura ta matso ta yi masa magana a hankali, yadda baƙi ba za su ji ya sha kaye ba. Ta ce ta san wani wuri a wajen gari da ake ajiye irinsu, akwai fili da inuwa da ruwa, za ta nemi izini ta ɗauke masa nauyin. Za a ce Basha ya yi kyauta.

Basha ya sauke hannunsa. Sannan ya miƙa wa direbansa bindigar ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ku fitar da ita daga gonata. Da ita da wannan mai bakin."

Takardun sun ɗauki kwanaki, Duktura ta yi ta zarya a ofisoshi. Ni na ƙi tafiya sai na ga ƙarshen abin, ina kwana a ɗakin girki, ba mai ce mini kanzil. Amm Sayyid ya dawo daga asibiti hannu a rataye. Yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Ranar da babbar mota ta zo, Duktura ta yi wa Basbusa allurar barci, ƙarti suka ɗora ta cikin akwatin ƙarfe. Tsohon ya tsaya daga nesa, inda aka ce ya tsaya, hawaye na bin gashin bakinsa.

Ya ce, "Ya Hukuma, wa zai riƙa zagina yanzu?"

Na ce, "Ka riƙa duba madubi, zai ishe ka."

Na shiga gaban motar tsakanin direba da Duktura, jakata a cinya. Muka kutsa cunkoson Alƙahira, masu ƙananan motoci suna ta danna mana oda, ba su san wa ke kwance a baya ba. Direba ya ratse ya ajiye ni kusa da tashar jirgin ƙasa da zai kai ni Wustul Balad, tsakiyar gari, daga can in ƙarasa wurin Hajja Batul in ce mata na dawo ba aiki.

Duktura ta rungume ni ta ce, "A maganar da kika yi wa Basha kin yi kuskuren nahawu da yawa."

Na ce, "Ya dai fahimta."

Na zagaya bayan motar na leƙa ta ramin akwatin. Duhu ne ciki, sai da idona ya saba. Tana kwance ta gefe, ta ɗora dantse a kan hanci. Na tsaya har na ga cikinta ya ɗaga ya sauka, ya sake ɗagawa. Sannan na buga jikin motar, direba ya ja, ta shige cikin cunkoso da fasinjarta a raye.